Jirgin Shitu Ya Daina Ƙwanƙwasa

A bakin ruwan da Shitu yake su, yamma da Rano, inda ruwan Tiga ya kutso tsakanin duwatsu, kunne yana riga ido sanin mai zuwa. Duk masuncin da ya tsoma filafili ya ja ruwa, kafin ya ɗago sai ƙotar ta bugi gefen jirgi, ƙwas. Ba wanda ya koya wa wani, haka hannu ya saba. Kowa kuma da irin nasa bugun. Na Uzairu sauri-sauri ne kamar dakan matar da baƙi suka yi wa zuwan ba-zata. Na Shitu a hankali yake zuwa, sai ka ce mai sallama a ƙofar surukai.

Daga nan dokar wurin ta samo tushe. Jirgin da zai gifta ragar wani, dole a ji shi tun daga nesa. Wanda ya naɗe ƙotar filafilinsa da tsumma ya zo shiru, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi. Ana fito da jirginsa tudu a kife, shi da ruwan nan kuma sai kallo.

Shitu ba jinin masunta ba ne. Manoma ne gidansu. Yana ɗan ƙarami aka tare kogi, ruwa ya hau ya shanye gonar mahaifinsa har da ɗorawar da ke tsakiyarta. Tsohon ya ƙi yin nisa. Ya koyi sana'ar su a wurin baƙin da suka biyo ruwan, da aka zo rabon gurbi, wato wajen da ake yanka wa kowane masunci ya shimfiɗa ragarsa, ya roƙa a ba shi daidai saman gonarsa. A can tsakiya ne, wuri mai zurfi, matattarar giwan ruwa. Shitu ya tashi a nan, ya karɓa daga hannun tsohon, har yau kuma bai taɓa kiran wurin gurbi ba. Gona yake cewa.

Sai dai gurbi ba gado ba ne. Na mai iya jan raga ne. Wanda ya bar nasa babu raga har damina ta sauka, sarkin ruwa zai miƙa wa na bayansa.

Bara da kaka Shitu ya zame a kan dutse yana jan jirgi, ya faɗi a kan kafaɗar dama. Mai ɗori ya yi nasa, ciwo ya lafa, amma hannun ya ƙi hawa sama da ƙirji. Babbar raga mai duwatsu a gindi kuwa sai an ɗaga igiyarta ta sama an ɗora a kan jirgi, a bi ta hannu bayan hannu. Da hannu guda ba ta jawuwa. Abin da ya yi shi ne, ya ɗaura wa gorunansa, masu riƙe raga a saman ruwa, dutse ɗai-ɗai ya jera su a gonar. Goruna ake ce musu har yanzu, ko da yake tsofaffin jarkokin mai ne. Mai wucewa zai ga layi ya miƙe kamar kullum. A ƙasa babu ko zare. Kifin da yake kawowa ƴan ƙarfasa ne da yake kamawa da ƙaramar raga a gefen ciyawa, a hanyarsa ta dawowa.

Mutum ɗaya ce ta sani, matarsa Jumai, domin ita ke sa masa riga kowace safiya.

“Sunkuya,” in ji ta. “Kai ba ka da tsawon kirki, amma wajen sa riga sai ka zama rimi.”

“Yi a hankali.”

“A hankali nake yi. Jiya yaushe ka iso gonar taka?”

“Rana ta ɗan ɗaga.”

“Ta ɗan ɗaga. Matar Uzairu ta ce mijinta har ya gama ja ya juyo, sannan ya ji ka kana tafe kamar mai ciwon ƙafa. Malam, mutane ba makafi ba ne.”

Ta ci gaba da gyara masa wuyan rigar. Tuƙin ma ya fara gagararsa. In iska ta taso daga gabas, jirgin sai ya riƙa juyawa da shi, hannun hagu shi kaɗai ba ya iya miƙar da shi.

“In na samu abin da zai ɗauke mini tuƙi,” ya ce, “ɗan ƙarfin da ya rage zai ishe ni raga.”

Jumai ta dube shi, ta dubi kafaɗar. Ba ta ce zai isa ba, ba ta ce ba zai isa ba. Da kasuwa ta ci, ta sa aka kai tumakinta biyu.

Ƙaninta Murtala yana da shago a Rano kusa da tasha, yana gyaran sola da batiran adaidaita. Tsakaninsa da Shitu wasa ne tun ranar da aka kai Jumai ɗaki.

“Lale da angon Yaya. Yau kifi ya tashi yajin aiki ne?”

“Inji nake so. Na jirgi.”

“Na fetur?”

“Sarkin ruwa ya hana na fetur shiga tsakanin raga. Ya ce hayaniya, ga mai a kan ruwa. Na batir na ji ana faɗa.”

“Shi wannan ya yarda?”

“Na tambaye shi. Ya ce abin da ya hana ya sani, wannan kuwa bai san shi ba tukuna.”

Murtala ya jawo benci, ya buɗe waya yana tura hotuna da ɗan yatsa. Injin duk fasalinsu ɗaya: kai mai hannun tuƙi a sama, doguwar ƙafa, a ƙarshenta wani dunƙule kamar gwanda da ƴar farfela a bayansa.

“Ka ga wannan? Shi ne babbansu. Zai ja ka, ya ja jirginka, ya ja surukanka gaba ɗaya.”

“Batir nawa yake sha?”

“Biyu, manya.”

“Jirgin nawa ya ɗauki batir biyu, ni kuma in biyo shi da iyo?”

Murtala ya ƙyalƙyale da dariya. Shitu bai taya shi ba. Sai da maganar ta fita daga bakinsa ya tuna rabonsa da iyo tun kafin faɗuwar.

Suka sauko kan mai batir ɗaya, matsakaici, wanda zai iya da jirgin katako da mutum da kaya ko iska tana gaba. Saura tsawon ƙafa. Shitu ya zaro wani guntun kara daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

“Wannan fa? Asuwaki ka kawo mini?”

“Daga bakin jirgi zuwa ruwa ke nan, in ina ciki da kaya.”

Murtala ya daina dariya, ya ɗauki karan ya gwada da tef. Ya ce farfela tana so ta nutse sosai, in ba haka ba duk sanda ruwa ya yi tozo za ta leƙo waje ta sha iska, jirgi ya tsaya. Don haka a ɗauki doguwa, a huta.

“A'a. Ƙasan ruwan nan daji ne. Itatuwan da ruwa ya ci suna nan tsaye, wasu da rani har kansu ake gani. Doguwa ba za ta yi sati ba.”

Suka tsaya a kan gajeriya mai zoben da ake sassautawa a ɗaga ta ko a sauke ta. Murtala ya kira wani abokin cinikinsa a Kano ya ce a ɗoro ta a mota.

Ranar da za a ɗaura, Murtala ya zo bakin ruwa da kwalin a bayan babur, da rana tsaka, lokacin da masunta suka watse. Nan aka ga matsala ta farko. An ƙera injin ne don jirgi mai faffaɗan baya, inda kunnuwansa biyu za su kama katako a murɗe su. Jirgin Shitu kuwa tsini ne gaba da baya. Suka samo guntun katakon maɗaci mai kauri, za a gicciya shi a bayan mazaunin Shitu a ɗaure da noti, kansa ɗaya ya leƙa waje, a nan injin zai rataya.

Murtala ya juya kan katakon ta dama ya ɗauki abin huda.

“Mai da shi hagu,” in ji Shitu.

“Hagu? Kai bahago ne ban sani ba? Da dama kowa yake riƙe shi.”

“Hagu na ce.”

“To miƙo mini sifana, ga ta can a kan dutse bayanka.”

Dutsen ya kai kafaɗa. Shitu ya juya jikinsa gaba ɗaya, ya ɗauko da hagu, ya mayar da ita hannun dama a ƙasa-ƙasa, sannan ya miƙa. Murtala bai karɓa nan da nan ba.

“Yaya ta sani?”

“Ita ke sa mini riga.”

Murtala ya karɓi sifanar. Har suka gama bai sake tsokanarsa ba. Ya mai da katakon hagu. Ya ƙara wa hannun tuƙin guntun bututu don kada Shitu ya riƙa murɗa jiki. Batirin ya ce ba za a sa shi a baya ba, nauyin mutum da na inji da na batir a wuri ɗaya sai gindin jirgi ya sha ruwa. Suka yanka babbar jarka suka zaunar da shi a ciki a tsakiyar jirgi, suka ɗaure, aka ja wayoyi masu kauri ta ƙarƙashin bakin katako, aka sa fis na kariyar wuta kusa da kan batir.

Da suka gwada a gefe, jirgin ya tafi sumul, sai dai katakon yana ɗan karkarwa a kan bakin jirgi, yana ƙara kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Murtala ya ce aikinsa ba ya fita da tsegumi. Ya kwance notin, ya yanko robar tsohuwar taya ya shimfiɗa a tsakani, ya sake ɗaurewa tam. Suka sake gwadawa. Ban da ruwan da ke tsagewa a gaba, babu abin da ake ji.

“Ka ji?” in ji Murtala.

“Ban ji komai ba.”

“Shi ne aikin.”

Su biyun suka yi murmushi. Murtala ɗan gari ne, ba shi da dalilin sanin dokar bakin ruwa. Shitu kuwa shekara da shekaru bai taɓa tuna cewa yana ƙwanƙwasawa ba, kamar yadda mutum ba ya tuna yana numfashi.

Washegari da hantsi ya fita. An kwana ana ruwa, tafkin ya ƙaru ya yi ja. Filafilin yana kwance a ƙasan jirgi kusa da ƙafarsa. Ya murɗa hannun injin, bakin ruwa ya fara ja da baya, kafaɗarsa kuma a karon farko tun bara ba ta ce masa komai ba. Har ya kama kansa yana ɗan waƙe-waƙe a ciki.

Hanyar gonar ta gefen gurbin Uzairu take bi. Uzairu maƙwabcinsa ne a ruwa, ƙarami ne a kansa da ƴan shekaru, mutum mai yawan iyali da saurin fushi. Tun farkon daminar nan wani yake riga shi zuwa ragarsa, ya kwashe manyan kifin ya bar masa ramuka a ragar. Ya kai ƙara, an yi cigiya, ba a kama kowa ba. Kwanan nan ya koma laɓewa da jirginsa a bayan wani dutse yana gadi.

Shitu ya ba gorunan Uzairu tazarar da ya saba ba su. Abin da bai lissafa ba shi ne ƙarin ruwan daren ya kwanto da igiyar ragar ta yi ciki zuwa waje, tana shawagi ƙasa kaɗan da fuskar ruwa. Filafili zai haye ta bai sani ba. Farfela kuwa ta cafke ta. Injin ya yi wani gurnani, jirgin ya karkata, komai ya tsaya.

Ya kashe, ya kwantar da ƙafar injin ta fito daga ruwa. Raga ta naɗe farfelar dam, ta biyo ta har kan cinyarsa. Ya gwada warwarewa da yatsun hagu, zaren ya ƙi. Ya zaro wuƙa. A daidai nan wani giwan ruwa da ragar ta riƙe ya taso ya bugi gefen jirgin da wutsiya.

Sai ya ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga bayan dutse, da sauri, yana matsowa.

Uzairu bai yi ihu ba. Ya tsayar da jirginsa gab da na Shitu, ya dubi wuƙar, ya dubi ragar, ya dubi kifin.

“Ashe kai ne, Malam Shitu.”

“Uzairu, tsaya ka ji. Farfela ce ta...”

“Tun daga bakin ruwa nake kallonka. Ban ji ka ba. Ko sau ɗaya ban ji ka ba.” Ya nuna robar da ke ƙarƙashin katakon da bakin filafilinsa. “Wasu tsumma suke naɗawa. Kai ka ci gaba, har da roba.”

Kafin azahar duk masuntan wurin sun hallara a gindin ɓauren da ake saukar da kifi. Sarkin ruwa Haliru ya zauna a kan kifaffen kwando. Tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya, in yana magana sai an matso. Ya saurari Uzairu har ya gama, ya saurari Shitu.

“Injin jiya aka ɗaura shi, ranka ya daɗe,” in ji Shitu. “Satar kuwa tun farkon damina ake yi.”

“Da tsumma ya fara,” in ji Uzairu. “Da ya ga tana biya, ya sayi na zamani. Ku tambaye shi mana, mai kawo ƴan ƙarfasa cikin kwano, da me ya sayi inji?”

“Tumakin matata ne.”

Wani daga baya ya ce, “Allah ya ba mu mata masu tumaki.” Aka ɗan yi dariya, ba mai daɗi ba.

Haliru ya ɗaga hannu.

“Shitu, ka gifta ragar mutum shiru?”

“Na gifta. Mantuwa ce.”

“An same ka da wuƙa a kan ragarsa?”

“An same ni.”

“Da wani ne, da yanzu jirginsa yana kife. Amma na san mahaifinka, kuma wannan abin baƙo ne a wurinmu, ni ma da laifina da ban ce a kawo shi in gani ba. Ga abin da za a yi. Injin zai kwana a gidana. Jirginka zai zauna a tudu, a tsaye, ba a kife ba, har Juma'a ta zagayo. In an taɓa ragar wani kana tudu, ka fita. In ba a taɓa ba, za mu sake zama.”

Kwanakin nan Shitu bai san inda zai sa kansa ba. Da an idar da sallar asuba sai ya hau dutsen da ke bayan gidansa ya zauna, yana jin jirage suna fita, kowa da bugunsa. In sun fara dawowa sai ya kasa kunne ko zai ji hayaniya a gindin ɓaure. Rana ta uku ya ji muryoyi sun tashi, zuciyarsa ta yi fari, ya miƙe tsaye. Ashe gardamar farashi ce da masu sarin kifi. Ya koma ya zauna, yana jin kunyar abin da ya yi fata. Ya yi istigfari. Washegari ya sake hawa, ya sake kasa kunne.

Ba a taɓa ragar kowa ba. Ko wane ne ɓarawon, yana da kunne shi ma, kuma ya san lokacin hutu.

Ranar Alhamis Jumai ta ajiye masa tuwo ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta saba yi ba.

“Yau na je rijiya, da na iso aka yi shiru.”

Shitu ya jawo kwanon gabansa.

“Ka faɗa musu, Malam.”

“In na faɗa, gonar Baba ta tafi.”

“In ba ka faɗa ba fa? Su kife jirgin, gonar ta tafi, ruwan duka ya tafi, a bar ka da suna. Ƴarmu Zulaiha tana gidan miji, so kake a riƙa nuna ta ana ƴar wane ce?”

“Hannun zai iya dawowa. Mai ɗori ya ce...”

“Ni nake sa maka riga,” in ji Jumai. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Bayan an sauko daga Juma'a aka sake zama a gindin ɓaure. Mutanen sun fi na farko yawa. An kawo injin an jingina shi da itacen, har yanzu da guntun zaren Uzairu a bayan farfelar. Wasu samari biyu sun riga sun tsaya kusa da jirgin Shitu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba wanda ya sa su.

“Mako ya cika,” in ji Haliru. “Ba a taɓa ragar kowa ba. Shitu, kana da magana?”

Shitu ya dubi ruwan. Daga nan ana hango gorunansa can tsakiya, a jere, suna ɗan rawa.

“A tura wani ya ɗago gorunana, ranka ya daɗe.”

“Me za a gani?”

“Dutse. Babu raga a ƙasansu. Tun bara babu.”

Wurin ya ɗauki guna-guni. Uzairu ne ya fara samun bakin magana.

“To kun ji. Ba shi da raga a ruwa, amma kullum yana fita. Ina yake zuwa? Ragar wa yake ja?”

“Ba na jan ta kowa. Ba na iyawa.”

Ya kama gindin rigarsa da hannun hagu ya fara jan ta sama. Ta hau har wuya ta maƙale a kafaɗar dama. Ya tsaya a haka a gaban mutane, kansa a cikin riga, yana kokawa da ita kamar ɗan yaye. Ba wanda ya yi dariya. Haliru ne ya tashi da kansa ya zare masa ita.

Kafaɗar ta shanye. Ƙashin ya fito, damtsen ya zama rabin na hagu.

“Mutum yana iya maƙale hannu da gangan,” in ji Uzairu, amma muryar ta sauka.

“Zo ka ɗaga shi da kanka,” in ji Haliru.

Uzairu ya matso, ya kama gwiwar hannun ya fara ɗagawa. Da ya kai ƙirji ya tsaya cak, kamar ƙofar da aka tokare da dutse. Ya ɗan ƙara ƙarfi. Shitu bai yi ƙara ba, amma gumi ya karyo masa a goshi. Uzairu ya saki da sauri, ya ja da baya yana duban tafin hannunsa.

“Ragarka mai duwatsu nawa ce a gindi, Uzairu?” in ji Haliru. “Kai da kanka, da hannu ɗaya za ka ɗora igiyarta a jirgi?”

“Ba za ta ɗoru ba.”

“To.” Tsohon ya koma kan kwandonsa. Ya murza carbinsa ya ci gaba. “Tun azumi na ga ka koma ƙarshen sahu, Shitu, damarka a jikin bango, don kada a ga inda hannunka yake tsayawa a kabbara. Na ce in bar ka ka faɗa da bakinka. Ban zaci sai an kai nan ba.” Ya juya ga samarin da ke jikin jirgin. “Ku matsa daga nan. Ba za a kife shi ba.”

Shitu ya sauke numfashi. Ya san saura.

“Sata, babu ita a kanka. Ragar da farfelarka ta yanka, za ka gyara wa Uzairu. Gurbi kuma, ka san doka, da kai aka yi wa wasu. Sagiru ya daɗe a gefen ciyawa yana jira. Gobe zai kai ragarsa tsakiya, kai ka karɓi nasa wurin. Akwai ƙarfasa, akwai tarwaɗa, ƙugiya da tarkon gura ba sa son hannu biyu.”

“Ranka ya daɗe, ko zuwa ƙarshen damina...”

“Da ka zo mini tun bara, da na haɗa ka da wani ku riƙa ja tare, gurbin yana hannunka. Yanzu kowa ya ji dutse ka shuka a ciki. In na bar maka, gobe me zan ce wa wani?”

Shitu ya sunkuyar da kai. Sagiru, wanda aka ambata, yana tsaye a gefe ya rasa inda zai sa idonsa.

“Injin fa?” wani ya tambaya.

“Injin ba shi da laifi, baki ne ba shi da shi. Ranar da ya samu baki ya shiga ruwa.”

Uzairu ne ya ɗauko rigar daga ƙasa ya kaɗe ta. Ya tsaya riƙe da ita, bai san ta inda ake farawa ba.

“Hannun dama tukuna,” in ji Shitu. “Sannan kai.”

Murtala ya zo washegari da niyyar cire robar, ya ce in ƙara ake so ai sai a bar katakon ya yi ta kuka. Shitu ya hana shi. Kukan ƙudan zuma ba sallama ba ce, ba wanda zai san ko wane ne. Ya ɗauko filafilinsa, ya huda ƙotar, ya zura igiya, ya rataye shi a gefen dama, bakinsa yana ɗan taɓa ruwa. In jirgi ya motsa sai ruwa ya ture shi baya, ya dawo ya bugi katako. Suka yi ta rage igiyar suna ƙarawa. Da ta yi gajere bugun ya yi sauri.

“Wannan Uzairu ne,” in ji Shitu. “Sassauta.”

Murtala ya sassauta, har sai da bugun ya koma a hankali, da ɗan jinkiri a tsakani.

“Angon Yaya ke nan,” in ji Murtala. “Ko a ruwa sai ya yi sanɗa.”

Kafin wata ya ƙare aka sake kwashe wa wani kifi, a wani gurbin daban. Har yau ba a kama mai yi ba. Ba wanda ya zo ya ce wa Shitu komai a kan haka, sai dai matan rijiya sun daina yin shiru in Jumai ta iso.

Yanzu a gefen ciyawa yake su. Batirin yana kwana a jikin solar da Murtala ya kafa masa a kan rufin ɗaki, da safe ya ɗora shi a baro ya tura zuwa bakin ruwa. Ya iya ɗana ƙugiya da hannu ɗaya da haƙori. In ya gama duba gurarsa da wuri, wani lokaci yakan juya hannun injin ya nufi tsakiya, ba don komai ba. Yakan gifta Uzairu, filafilin yana bugawa, Uzairu ya ɗaga kai ya buga nasa sau ɗaya ya ci gaba da ja. Daga nan sai sababbin gorunan Sagiru. Shitu yakan rage gudu ya zagaye su daga nesa, ya ɗaga murya.

“Sagiru, ja layinka gabas kaɗan. Akwai ɗorawa a ƙasan nan, za ta ci maka raga.”